Tuwo Ta Kan Katanga

Tun da matata ta samu aikin jinya a Ingila, aka ce har da ni za a tafi, na zama abin kallo a unguwarmu a Kazaure. Na sayo rigar sanyi mai kaurin katifa, na gwada ta a tsakiyar bazara, sai da aka yi mini fifita na dawo hayyacina.

Ƙanwar matata da ke can ita ke ba mu labari ta waya. Wai sai ka nemi izini kafin ka ziyarci ɗan'uwanka. Wai maƙwabci zai shekara bai san fuskarka ba. Wai kowa a ɗakinsa yake cin abinci. Nakan kwashe in kai majalisa, in ƙara gishiri, a yi ta dariya. Amma na abincin nan, ko na faɗa ba ya ba ni dariya.

Mu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a jera a tabarma, a ci tare. Taubashina, ɗan gwaggona, tela ne, katangarmu ɗaya. Matarsa ta rasu, idonsa ya daina ganin kafar allura, ɗinki ya tsaya. Tun daga nan matata take zuba tuwo kwano biyu, ta miƙa ɗaya ta kan katanga, shi kuma ya fito da shi ta ƙofarsa kamar kowa. Duk an san miyar, ba wanda ya taɓa tankawa. Har yakan ɗanɗana nawa ya yamutsa fuska ya ce, "Kai bawa, miyar gidanka ba ta kama ƙafar tawa ba."

To in mun tafi, wa zai miƙa? Na je wurin dattijon majalisarmu da niyyar roƙo, na ɓuge da labarin jirgin sama. Ni da ake cewa ko a barci ina surutu, bakina ya ƙi. In na furta, na mai da taubashina abin sadaka ke nan.

Wata rana muna wanke hannu sai ya ce, "Bawa, ba kai kaɗai ka iya ƙasar waje ba. Ni ma bizata ta fito. Garin Gwiwa zan koma, wurin 'yata."

Na ce, "Gidan suruki? Kai da ko ruwansa ba ka sha don kunya?"

Ya ce, "Zan koya. Kai ma ai da girmanka za ka koyi cin tuwo da cokali."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana ta goge hannun da ya riga ya bushe.

Shi ya riga ni tafiya. Ni na ɗaure masa kan kekensa na ɗinki a bayan acaɓa. Ya ce in ja igiyar da kyau, wai ƙila idon ya dawo.