Shirun Gidanmu na Minti Ɗaya

Ranar wata Litinin cikin daminar shekarar da aka fara yaƙin basasa, malaminmu Ticha Lasisi ya shigo aji da jiƙaƙƙen takalmi, rungume da wani akwati a ƙarƙashin rigar ruwansa kamar mai ɗauke da jariri. Ya buɗe shi a kan tebur, ya ciro wata 'yar baƙar na'ura mai ido ɗaya. Ya wana ta kamar agogo, ya danna, sai ta kama ƙara a hankali, irin ta keken ɗinki idan ana jin sa daga nesa. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma tun daga wannan ƙarar ban ƙara samun natsuwa ba.

Kyamarar ɗaukar fim ce, ya saye ta a hannun wani Bature da ya tashi komawa gida, tare da majigi da wata rakoda mai faifai biyu. Mu shida muka ba da sunayenmu, muna tsayawa bayan an tashi, a gindin mangwaron makaranta. Kyamarar kurma ce, hoto kawai take ɗauka, murya kuwa aikin rakoda ne. Saboda haka kafin a fara sai wani ya tsaya a gaba ya tafa hannu sau ɗaya, domin a san inda hoto da murya za su haɗu. Ticha ya koya mana manne gwiwar hannu a haƙarƙari, da riƙe numfashi, da auna nisa da taku. Makonni muka yi muna ɗaukar awaki da masu tallan dundu, wato soyayyiyar doya, da kyamarar da babu fim a cikinta, don zaren fim ya yi wuya. Dokokinsa biyu ne, kullum sai ya maimaita su da Hausarsa mai karin Yarabanci: "Rana a bayanka, ba a gabanka ba," da kuma "Duk inda ka je, ka ɗauki shirun wurin na minti ɗaya." Ta biyun dariya take ba mu. Wane shiru ne a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, tsakanin ladanai da daka da masu dakon huhunan goro?

Ni dai kyamara nake so. Na riga na cika kaina da ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a bakin titin Dugbe, inda saurayi ke dafe ƙirji ya yi ban kwana, budurwa ta bi jirgin ƙasa da gudu. Ina wanke goro a tsakar gida ina jera shi cikin ganye, amma idona yana yanka komai gida-gida kamar ta cikin gilashin kyamara. Sau nawa Baba ya daka mini tsawa don na haɗa farin goro da ja!

Cikin wannan hali Yaya Habu, babban wanmu, ya shigo da labarin cewa ya ba da sunansa a soja. Direban motar goro ne, yana bi ta Ojoo zuwa Arewa, ga shi sojoji na neman direbobi. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. "Wancan" take cewa, ko "wanku". Ga ta a kulle, ko zaure ba ta leƙawa. Kenan ranar Asabar da zai tafi, kowa zai raka shi bakin Mokola inda motar sojoji za ta tashi, ban da matar da ta haife shi. Kwana uku tuwonta yana ƙonewa. Na same ta a madafa na ce mata zan kawo mata tafiyarsa har cikin ɗaki, ta gan shi yana motsi a jikin bango. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai dai ba ka rabo da shirme." Amma da zan fita sai ta ƙara da cewa, "Fuska ma tana fitowa?"

Ticha ya yarda ya ba ni ragowar zaren fim ɗinsa, ya ce shi zai tsaya baya, aikin nawa ne. Da safiyar Asabar ya sa na shiga da rakoda cikin gida, tunda shi ba ya wuce zaure, in ɗauko masa shirun nan nasa. Na dangwarar da makirufo a kan turmi kusa da ƙofar madafa, na danna, na ruga waje wurin kyamara, na bar faifan rakodar yana ta juyawa. A bakin Mokola kuwa na ga abin da ya ɗauke mini hankali: rana ta fito daga bayan motar sojoji, ta zuba wa komai ruwan zinariya, daidai da bangon littattafaina. Na ja Yaya na tsayar da shi a nan, na ce ya dafe ƙirji ya dubi nesa. Ya ce, "Kai Ɗanlami, yaƙi za ni ko zance?" Abokansa suka fashe da dariya. Ticha ya yi gyaran murya a bayana, na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba. Aka tafa hannu kamar yadda muka saba, ko da yake rakoda tana gida, na riƙe numfashi, na danna har wanin ya ƙare, motar ta tashi.

A wancan zamani sai an aika fim Ingila ta gidan waya a wanko shi, ga yaƙi ya tsayar da komai. Na zama kamar mai ƙaiƙayi a tafin ƙafa. Na daina langa, na daina ƙwallo, kullum ina hanyar gidan Ticha. Inna ba ta tambaya, sai dai idan na shigo ta dubi hannuna. Wata rana Ticha ya ce zai goge faifan rakoda don a sake aiki da shi, mu saurara sau ɗaya tukuna. Muka ji zakara, da ƙarar guga a rijiya, da dariyar Yaya can a zaure. Sai kuma wata murya kusa-kusa, ƙasa-ƙasa, tare da ƙarar muciya a tukunya: "Habu. Habu. Allah Ya dawo mini da kai, Abubakar." Na fashe da kuka. Ticha ya dube ni da mamaki ya ce, "Ah-ah, uwa ta kira sunan ɗanta, mene ne abin kuka?" Ya ɗauki reza ya yanke guntun zaren faifan da muryar take ciki, ya naɗe shi a jikin guntun fensir, ya sa mini a aljihu.

Sai da aka yi girbin doya fim ɗin ya iso. Muka toshe tagar ɗakin Inna da tabarma da rana tsaka, na kafa farin zane, na kunna majigi kamar yadda aka koya mini. Haske ya cika zanen, fari fat, a tsakiyarsa wani baƙin mutum kamar an yanko shi daga gawayi. Babu ido, babu hanci, babu murmushi. Ranar da na sa a gabana ta cinye fuskar Yaya. Ƙannena suka yi ta ihu wai dodo ne, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Inna tana bakin ƙofa, rabin jikinta a waje, wai tsintar shinkafa take yi. Ta ƙura wa zanen ido, sannan ta ce, "Tsayuwarsa ce. Haka yake karkata kafaɗa tun yana tatata. Sake sakawa." Sau biyar na saka mata.

Yaya ya dawo bayan an gama yaƙi, a rame, ba ya son magana, ba ya son a rufe ƙofa da ƙarfi. Inna ta ce, "Ku ba wanku ruwa," ta shige madafa. Bayan kwana biyu na kai shi gidan Ticha, aka liƙa guntun zaren nan a faifai. Ya saurara kansa a sunkuye, ya ce a sake sakawa, aka sake. Ya share fuska da hularsa, ya ce kada in kuskura ta san mun ji. Har ta rasu ba ta sani ba.

Yau jikokina a Sabo suna ɗaukar hoto da murya a waya guda, su goge, su sake, fuska tana fitowa tas ko rana tana ina. 'Ya'yana mata suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira da suna tun daga bakin titi, ba na kuma ganin laifinsu. Guntun zaren yana nan cikin gwangwanin allurar Inna, ya bushe, babu sauran na'urar da za ta karanta shi a garin nan. Ba na buƙatarta. Minti ɗayan da na raina shi kaɗai na ɗauka daidai.