Ranar da Alhaji Bello Ya Miƙe Sau Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni Unguwar Rogo jin ra'ayin jama'a ba. Lokacin ina jami'in hulɗa da masu amfani da wuta a kamfanin rarraba lantarki, mataki ɗaya ƙasa da manajan shiyya. Wani kamfani ne ya zo da shirin kafa manyan fankoki a bayan gari, iska ta riƙa juya su suna ba da lantarki. Kuɗin aikin kuwa, aka ce a fitar da shi ta hanyar ƙara wa kowa farashin wuta.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ba a ƙarin farashi da ka. Sai an tara jama'a an ji ta bakinsu, a rubuta rahoto, a aika wa hukumar da ke sa ido, ita ke cewa e ko a'a. Kafin in fita manajanmu ya ce mini, "Malam Umaru, ka lallaɓa su. Rahoto mai sanyi nika so."

Bazara ce, muka zauna ƙarƙashin itatuwan dogon yaro a wata makarantar firamare. Da na gama bayani, wanda ya fara miƙewa shi ne Alhaji Bello, shugaban masu sayar da ƙanƙara na Gidan Igwai. Ya ce, "Man dizal ya gama da mu. In dai wuta za ta zamna, a ƙara, mun yarda." Mutanensa suka tafa.

Sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu, Malama Rifkatu, tsohuwar malamar makarantar da muke ciki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, ɗaki ɗaya gare ni da 'yar fanka. Maigidana yana kwance ba lafiya, ita ke sa ya samu barci. Fansho ba ya ƙaruwa. Fankokin naku yaushe za su fara aiki?"

Na gaya mata gaskiya, sai bayan wasu shekaru.

Ta ce, "Ashe tawa zan kashe yau don a gina taku." Ta zauna.

Na fara tattara takarduna, sai na ga Alhaji Bello ya sake miƙewa. Ya ce, "Malama ita ta karantar da ɗiyana. Injina guda ya fi layinsu duka shan wuta, kuma in wuta ta zo mu ka cin riba. A aza muna ƙarin, mu da masu manyan injuna. Masu ɗaki guda a bar su sai manyan fankokin sun fara juyi."

Wani daga cikin mutanensa ya ja masa riga. "Alhaji, ba da wanga munka aiko ka ba!" Bai ko waiwaya ba.

Washegari na miƙa rahoto. Manaja ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Wanga ne mai sanyin?" Na ce, "Ranka shi daɗe, abin da anka faɗi na rubuta." Ya jawo rahoton ya sa hannu.

Bayan wasu watanni hukunci ya fito: ƙarin zai fara da manyan masu shan wuta, ƙananan gidaje an ɗaga musu ƙafa. Ba rahotona kaɗai ya jawo haka ba, amma yana ciki. Masu ƙanƙara kuwa suka taru suka sauke Alhaji daga shugabanci.

Na je shagonsa na same shi yana loda ƙanƙara a keke. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya yi dariya ya ce, "Ranar da bil ɗin wuta ya zo ina yi. In ya wuce, ta wuce."

Abin da na koya shi ne, kowa na son wuta, rigimar dai ita ce wa zai fara ɗaukar kayan. Ku da kuke kan aiki yanzu, in an tura ku taro, kada ku yi gaggawar rufe shi don kun ji abin da kuke so. Wani lokaci maganar da za ta warware komai tana bakin wanda zai yi asara da ita, jira kawai yake a bar shi ya sake miƙewa.