Ranar da Muka Nome Gonar Maƙwabciyarmu

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu da ke ƙasar Bukkuyum, gidajen Kirista ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na laka, amma Zumuntar Mata tana da ƙarfi, kuma Innata ce shugaba.

Maƙwabciyarmu Musulma ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya da gonar gero. A daminar nan gubar dalma ta kama yarinyar, saboda dutsen zinare da ake daka a gidan kakanta. Aka kwashe su zuwa asibiti a Anka. Sati ya wuce, na biyu ya bi, ciyawa ta fara shaƙe geron. Kowa ya sani, in gonar ta lalace ba su da abincin shekara.

Ranar Asabar muka taru koyon waƙa. Ni aka zaɓa in ja baiti a taron da ke tafe, har tsamiya na daina sha don kada murya ta dushe. Sai Inna ta shigo da hauya a kafaɗa.

"Yau babu waƙa," in ji ta. "Gonar maƙwabciyarmu muka nufa."

Na turo baki. "Inna, ai tana da dangi."

"Mi kika ce?" Ta dube ni. "Randa aka haife ki, matar ga ta ɗebo min ruwa kwana bakwai. Ba ta tambayi ko ina da dangi ba."

Na ɗauki hauya ba don na so ba. Muka yi addu'a a bakin gona, Inna ta roƙi Yesu ya taɓa yarinyar, muka duƙa. Kafin azahar matan unguwa suka hango mu, suka fito da fura, wasu suka karɓi hauya. Ni kuwa, gwanar aiki, na tuge wa mai gonar layin kuɓewa guda ina zaton ciyawa ce.

Da aka sallame su daga asibiti, ko gida maƙwabciyar ba ta shiga ba. Ta zarce gona da ɗiyar a goye, don ta ga iyakar asararta. Ina dawowa daga rijiya na gan ta zaune a kan kunya, gero ya yi shar, tana share hawaye da bakin mayafi. Da yamma ta zo gidanmu, ta kwance yarinyar ta ɗora wa Inna a cinya.

"Ga ta," ta ce. "Ta tashi."

Inna ta yi ta shafa kan yarinyar.

Yau ina zaune a Gummi, Inna ta rasu. Na ji wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci ba adadi, amma a gonar nan na gane shi. Yarinyar ta girma, duk da gubar ta bar mata nauyin baki. In na je gida, ita ke fara tarye ni a hanya, tana kirana yaya.