Ƙafafun da Nenen Verlyn Ta Gane

Shekara arba'in da ɗaya Nenen Verlyn ta yi tana taka ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita, a gona guda a tsibirinmu na Grenada. A shanya ƙwayar a kan manyan katakai, mata su tuɓe takalma, su riƙa jan ƙafa a ciki suna juya ta har ta bushe. Da wannan aikin ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, aminiyarta, shi ya sa nake ce mata Nenen, wato uwar goyo a harshenmu. Ita ba ta haihu ba. Gajera ce, ga faɗa, ga baki kamar reza, amma ban taɓa kwana da yunwa a ɗakinta ba.

Na tafi Toronto ina da shekara ashirin. Wasiƙa ta koma ta shekara-shekara, sannan ta ɗauke. Da mijinta ya rasu ban zo ba, kunyar rashin zuwan kuma ta hana ni ko kira. Har ta kai na gaya wa mijina Gordon cewa ba ni da kowa a gida.

Bara ya yankar mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, tsibiri biyar, kowanne yini guda. Da muka iso namu, sai ya zaɓi zagayen gonar koko, wai zai faranta mini. Na ce a raina ai tsohuwa ta daɗe da ajiye aiki. Duk da haka na ƙwama baƙin tabarau da malafa.

Ashe tana nan, ita ce ma mai nuna wa baƙi.

"Ku tuɓe takalma, 'yan hutu!" in ji ta. Ta nuna Gordon. "Kai da rana ta gasa, taho ka yi aiki ko sau ɗaya a rayuwarka."

Baƙin suka shiga cikin kokon suna ɗaga ƙafa suna ta dariya. Ni ce ta ƙarshe, kuma ƙafafuna ne suka tona mini asiri. Ban ɗaga su ba. Na ja su a hankali, na juya da diddige a bakin katako yadda ta koya mini. Sai na ga ta kafe ni da ido.

Gordon ya lura da irin kallon da take yi mini. Ya ce, "Mama, kin san matata ne?"

Ta jira ni. Wallahi ta jira ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

"Ina zan san ta, ɗana? Mutanen jirgi duk kamarsu ɗaya."

Da na zauna zan sa takalmi, ta durƙusa ta kama ƙafata tana share ta da gefen zanenta. Ta yi ƙasa da murya.

"Sherma. Ƙarfe nawa jirginku zai tashi?"

"Huɗu da rabi, Nenen."

"Kin yi ƙiba, na ji daɗi. Mutumin kirki ne?"

"Mutumin kirki ne."

"To shi ke nan. Maza, kada su tafi su bar ki."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a lokacin ba. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A cikin mota Gordon ya nuna mini hotonta a wayarsa. "Tsohuwar nan akwai kirki," in ji shi. "Kash, ko sunanta ba mu tambaya ba."

Direba ya ta da mota. Tana tsaye a bakin katakan, ba ta ɗaga hannu ba.

Na ce, "E, ba mu tambaya ba."