Birkin da Na Taka a Burtalin Zurmi

Ni direba ne tun kafin a yanke jihar Zamfara, kuma ba yabon kai ba, a tashar Ƙaura babu mai hannu irin nawa a sitiyari. Iska ake ce mini. Ubana manomin gero ne mai tsoron Allah, bai taɓa cin hakkin kowa ba, don haka kada wani ya ɗora masa abin da na aikata.

Ga yadda aikinmu yake. Wanda ya riga shiga tasha shi ke da layi, shi zai fara lodi. Ranar kasuwar Shinkafi sai mu riƙa tsere saboda layin nan, ni kuwa ba a taɓa riga na ba. Tsofaffi su yi ta salati a bayan mota ina dariya. Daga nan abin ya fara, don na saba da ganin doka ta wasu ce.

Wata rana wani dillalin dabbobi, Ɗanjuma, ya ja ni gefe ya ce, "Ina da raguna wajen Zurmi, amma ban son mota mai tsayawa bisa hanya." Ban tambaye shi na wane ne ba. Karo na biyu ma ban tambaya ba. Kafin na uku na riga na san na sata ne, kuma na san gudun nan nawa yake saye.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Aka fara maganar yanke hannu a kowace rumfar mai shayi. Mai hankali da ya daina. Ni sai na ƙara wa totur ƙarfi, a tunanina sai an cim mini za a kama ni.

Tsakanin Zurmi da Ƙaura akwai wani burtali inda shanu ke tsallaka kwalta. Kowane direba ya san shi. Al'ada ce a sassauta a yi hon, makiyayi ya ɗaga sanda, sannan a wuce. Wata safiya na taho da raguna ɗaure a bayan wagon ɗina, ban sassauta ba, ban yi hon ba. Wani dattijon Bafulatani, Malam Buba, ya fito yana kora maraƙi, na kwashe dattijon.

Ta madubi na hango shi kwance, ƙafarsa ta juye, jini na zuba. Babu mota gaba, babu mota baya, babu wanda ya ga lambata. Na dubi hannuna na dama a kan giya. In na koma, ragunan nan za su tona ni, hannun nan kuma na iya tafiya. In na wuce, mutumin nan ba zai kai azahar ba.

Na taka birki, na dawo da baya. Duk rayuwata babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan birkin, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na ɗauke shi na kwantar a kujera. Babu lokacin sauke raguna. Yana nishi ya ce, "Ɗana, tahi sannu, kak ka ƙara wani." Wallahi maganar nan ta fi bulala zafi.

A asibitin Ƙaura aka ce sai an ƙara masa jini, na miƙa hannu aka ɗiba. Ina nan zaune danginsa suka iso. Fulani suna tsaga kunnen dabba da shaidar gida, kowane gida da tasa. Ƙanen Malam Buba ya ji kukan rago, ya leƙa motata, ya kama kunnen guda ya duba. Ya ce, "Wanga ai na gidan maƙwabcinmu na. Ina kas samo shi?" Na gaya masa gaskiya. Ɗanjuma na jin labari ya tsallaka iyaka.

A gaban alƙali ban yi gardama ba. Da aka tabbatar ba ni na shiga garke na kwance su ba, ɗauka kawai na yi, hannuna ya tsira. Aka yi mini bulala a bainar jama'a, aka kai ni gidan yari. Zancen ƙafa kuwa, Malam Buba ya aiko daga gadon asibiti cewa ya yafe, tunda na dawo. Ubana ya rasu ina ciki, ban samu jana'izarsa ba, wannan ciwon har yau bai warke ba.

Da na fito babu mai ba ni mota sai wani tsohon maigidana. Fasinja na farko da na je na nema shi ne Malam Buba. Ƙafarsa ba ta lanƙwasawa, don haka kujerar gaba tasa ce duk ranar kasuwa. Da allurar gudu ta ɗan haura sai ya ɗora sandarsa a gwiwata.

Yanzu samarin tasha Hawainiya suke ce mini, ina kuma amsawa da ƙarfi. Kwanan baya suna ta musu, wai tunda an gyara kwalta ya kamata hukuma ta ƙara ƙa'idar gudu a manyan hanyoyi. Ɗayansu ya ce, "Baba, kai da kas san daɗin gudu, mi kag gani?" Na ce kwalta aka gyara, ba a ɗauke burtali ba, ba a ɗauke masu tsallakawa ba.

Ku yara masu tasowa, na fi ku gudu, kuma na ga inda ya kai ni. Kada ku ɗauki kayan da ba ku san mai shi ba, kada layin tasha ya sa ku raina ran mutum. Wanda har yanzu yake so a ƙara gudu ya zo ranar kasuwar Shinkafi ya buɗe wa Malam Buba ƙofa, ya tsaya ya ga yadda yake fitowa daga mota.