Cinyar Jimina daga Jiratawa

Ni tela ne, shagona yana Sabon Gari a nan Maraɗi, kuma ina da wani hali da mutanen gidanmu suka gaji da yi mini faɗa a kansa: in na ji labarin naman da ban taɓa ci ba, ba na samun sukuni sai na ɗanɗana. Ban sa fara a ciki ba, don kowa a garin nan yana cin ta. Na ci bushiya, na ci beguwa, na ci damo, na ci tozon raƙumi har ya ɓata mini ciki kwana biyu.

Abokina a wannan sha'ani wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Tibiri, Kirista, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ɗinkin riga ya haɗa mu, hirar nama ta riƙe mu. Duk abin da ya samo a wajen mutanen ƙauye, da ransa yake kawo shi, ya ce in yanka da hannuna, tunda ni Musulmi ne, don mu ci tare. Matata kuwa ba ta shiga harkarmu. Ta ware mana wata tsohuwar tukunya a bayan madafa, ta ce ko ludayinta kada ya kusance ta.

Wata Asabar da hantsi ina kan keke ina ɗinki, sai ga Mushe a kan babur ɗinsa. Ko injin bai kashe ba ya ƙwala mini kira.

"Tela, aje almakashin nan ka taho!"

Na ce, "Lafiya?"

"Jimina!"

"Jimina mi?"

"Jimina za a yanka a Jiratawa, in ba mu yi sauri ba ko gashinta ba mu samu."

Ban san lokacin da na rufe shagon ba. Sai a hanya na lura igiyar awo tana rataye a wuyana.

Muna tafe yana ba ni labari, iska tana kwashe rabin maganar. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ke da garka, wato lambu, a can, ya ajiye jiminu uku don sha'awa. Da safen nan namijin ya tsallake shinge, ya zurma ƙafa cikin hanyar ruwa ta siminti, ƙafar ta karye. Mai kula da garkar, wani dattijo da Mushe ya karantar da jikokinsa, shi ne ya yi masa waya.

Mun wuce fadamun albasa da layukan zogale, muka tarar da mutane sun yi da'ira daga nesa. Da na kutsa na gan shi, sai da na ja da baya. A kwance yake, amma kansa ya kai ƙirjina. Gashin jikinsa baƙi wuluk, na fiffike fari, idanunsa manya masu dogon gashi, yana bin kowa da kallo. Na taɓa ganin jimina a talabijin, amma ban taɓa zaton cinyarta ta fi tawa kauri ba.

Alhajin yana tsaye da waya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce likitan dabbobi ya duba ya ce ƙashin ba ya ɗoruwa, malaminsa kuma ya ce jimina halal ce, a yanka shi kafin ya wahala. Matsalar ita ce mahaucin da aka kira ya ƙi matsawa.

Mahaucin ya ce, "Alhaji, na yanka bijimi, na yanka raƙumi. Wanga kuwa ban san ma inda zan aza wuƙa ba. Wuyan ba ya da iyaka."

Aka yi dariya. Ni da zumuɗi na matsa kusa don in gani da kyau. Kafin in ankara ya miƙo wuya ya fizge igiyar awon daga wuyana. Na riƙe gefe ɗaya, ya riƙe ɗaya, muka yi ta ja, mutane na ta ihu. Da ƙyar na ƙwace, ta fito da yawu.

Dattijon mai garka ne ya raba gardama. Ya ce kada kowa ya tsaya ta gabansa, don ta gaba yake harbi, kuma ƙafar mai lafiya ta isa ta farke cikin mutum. Ya zagaya ta baya a hankali, yana yi masa wata 'yar murya da ya saba ji lokacin ba da abinci, ya cire hular saƙa daga kansa ya zura wa tsuntsun a ka. Nan take ya yi tsit kamar an kashe rediyo. Mu shida muka danne shi, aka juya shi gabas, dattijon ya nuna wa mahauci wuri can ƙasa da kai, mahaucin ya yi bisimilla ya yanka. Sai da ya daina motsi na ga dattijon ya juya baya yana share ido. Shekara huɗu yana ba shi abinci.

Fiɗar ma abin kallo ce. Ni ina jiran in ga ƙirji mai tsoka irin na kaza, sai muka ga ƙashi shimfiɗaɗɗe kamar faranti, babu komai a kansa. Duk naman yana cinyoyi da baya, kuma ja ne jawur, in ba a gaya maka ba ka rantse na sa ne. Da aka tsaga ƙundu, wanda ya kai girman kan jariri, aka zazzage tsakuwa cike da ƙwarya, da ƙusoshi, da murfin kwalba, da wani ƙaramin mabuɗi. Dattijon ya ɗauka ya juya shi, ya ce na ɗakin injin ban-ruwa ne, tun bara ya ɓace har aka fasa kwaɗon.

Kafin a gama, mata tsofaffi sun iso da 'yan gwangwanaye suna roƙon kitse, wai maganin ciwon gwiwa ne. Alhajin ya ce a ba kowa. Ya dube mu ni da Mushe, hannuwanmu duk jini, bakinmu ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Ku ne masu cin abin da ba a ci?"

Mushe ya ce, "Mu ne, Alhaji."

"To ku ɗauki cinya guda da wuyan. Ni ban ma san ko zan iya kai shi baki ba."

Muka cusa cinyar a buhu, ƙafar mai yatsu biyu ta ƙi shiga, ta leƙo waje. Haka na rungume ta a bayan babur har cikin gari. 'Yan kabu-kabu suna jerawa da mu suna tambaya, ni kuwa ina amsa wa kowa da ƙarfi, "Jimina ce!"

Da muka shiga gida matata tana tsince shinkafa. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, yau kuma aljani kuka yanko?"

Tukunyarmu ko rabin wuyan ba ta ɗauka, don haka muka yanke shawarar gashi. Mushe ya ce tsuntsu mai wannan girma dole namansa ya yi tauri, sai an ba shi wuta sosai. Na yarda. Muka hura gawayi, muka yanka manyan tsokoki muka jera a kan waya, muka bar su har suka yi baƙi-baƙi. Na ɗauki na farko ina rawar jiki, na sa a baki. Na tauna, na tauna, na ƙara taunawa. Kamar na gutsuri takalmin roba. Na dubi Mushe, shi ma muƙamuƙinsa na ta aiki, idonsa ya yi ja.

Ashe matata tana kallonmu daga ƙofar madafa. Ta taso ta tsaya a kan ɗanyen naman da ya rage, ta danna shi da yatsa, ta ɗaga wata tsoka ta duba ta a hasken rana.

Ta ce, "Ku dubi nan. Ko zaren kitse babu a cikinsa. Naman da ba ya da mai kuka aza ma wuta kamar kuna ƙona bulo? Ku tashi."

Na ce, "Ke da kin ce ba ruwanki."

"Ba ruwana da ƙadangarunku. Wannan nama ne mai kyau kuke walaƙantawa."

Ta ɗauko wuƙarta ta yanka shi fale-fale. Ta shafe shi da man gyaɗa, ta daka ƙuli-ƙuli da citta da masoro da tonka kaɗan, wato barkono, ta barbaɗa, ta rufe shi ya ɗan jima. Ta baje garwashin har harshen wutar ya mutu. Ko da ta aza, bai fi ta juya shi sau ɗaya ba ta sauke. Wuyan kuma ta sa Mushe ya sassara shi gaɓa-gaɓa, ta zuba a babbar tukunyarta ta suna, da albasa da tafarnuwa da kimba da daddawa, ta bar shi a ƙaramar wuta tun azahar har bayan la'asar.

Ba zan manta lomar farko ba. Laushi kamar hanta, ruwa na fita a cikinsa, ɗanɗanonsa kusa da na sa amma ya fi sauƙi, babu ƙarni, babu maiƙon da ke daskarewa a dasashi. Mushe ya rufe ido ya ɗaga hannu sama yana gode wa Allah da babbar murya. Na miƙa wa matata yanka guda. Ta karɓa da yatsu biyu, ta gutsura. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da tiren naman.

Ƙamshi ya kira maƙwabta. Kowa ya shigo sai an nuna masa ƙafar tukuna, sannan a ba shi yanka. Romon wuyan ya fito da kauri kamar na jelar sa, muka sha da burodi, matata ta zuba wa Mushe a kwano mai murfi ya kai wa iyalinsa Tibiri, ta kuma aika wa dattijon garka nasa, ko da yake daga baya na ji bai ci ba, ya ba jikokinsa. Wani kwano kuma ta ce a kai gidan Alhajin, don a san an gode.

Washegari da safe ina shirin fita sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Direban Alhajin ne, ɗauke da babbar roba an rufe da ƙanƙara. Ya ce a gidansu an tafasa naman jiya ya zama igiya, ba wanda ya iya ci, sai da kwanonmu ya isa Alhaji ya cinye shi shi kaɗai. Ga sauran cinyar nan, Alhaji yana roƙon uwargida ta taimaka, yana da baƙi da azahar.

Na shiga na faɗa mata. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta leƙa robar ta ga yawan naman.

Ta ce, "Yau ba ka zuwa shago, Malam. Je ka samo mini gawayi da man gyaɗa, ka biya ka kira ƙanwata. Kuma kada ka taɓa mini wuta."

Na ɗauki buhu na fita da sauri, ina lalubo lambar Mushe a waya.