Tuwonka Na Cikin Kula

Matata ba ta aiko mini saƙo a waya kamar kowa, sai ta hanyar da duk unguwa za ta gani. Ni na jawo wa kaina, ranar da na nuna mata yadda ake canza sunan wayifai a rauta, na'urar intanet ta gidanmu da ke Kukuo. In na taso daga shagon gyaran waya na tsayar da babur a ƙofar gida, sai in tarar da sabon suna yana jirana. "Ka manta albasa." "Injiniya, famfo na yoyo." Kowane sabon suna sai na sake shigar da lambar sirri ina ƙunƙuni, ita kuwa tana ciki tana dariya. Tsohon telan da muke katanga ɗaya ya taɓa tare ni ya ce, "Masta, ka sayo albasan kuwa?"

Ranar da ta tafi asibiti, da ciwon da muka ɗauka na kwana biyu ne, ta rubuta: "Tuwonka na cikin kula." Ba ta dawo ba.

Fiye da shekara rautar nan tana faɗa mini haka duk yamma. Na san ba kowa a ɗakin, na san kular tana kife a kan kanta, amma ina isa ƙofa sai na ciro waya na duba. Da wannan nake samun ƙarfin shiga gidan.

Sai rautar ta fara gajiya, tana yankewa, tana mutuwa tana tashi. Tsoro ya kama ni kada wata rana ta tafi da maganar gaba ɗaya, na ce bari in sabunta mata manhajar ciki.

Aikina ne, na san inda haɗarin yake. Masu ƙera waɗannan na'urori sukan canza ƙwayar filashi, ɗan baƙin abin nan da ke riƙe manhaja da duk abin da aka rubuta, su bar kwanson da sunansa yadda suke. Akwai ƙaramar lamba a takardar ƙasan rauta da ke nuna wace ƙwaya ce a ciki. Tamu ta goge, don matata takan ɗaga ta ta share ƙura da hannun da ya sha man kaɗanya. Da ta wani ce, sukurori huɗu zan kwance in duba ƙwayar da idona. Amma na kasa sa mata sukudireba. Ko kwafin saitinta ban ajiye ba, ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan haka.

Bayan la'asar na tura manhajar. Ta karɓa har ƙarshe, ta kashe kanta don ta tashi sabuwa. Fitila ɗaya ce ta kama, tana kiftawa. Na jira har aka kira magariba, sunan bai fito ba.

Washegari na kai ta Sagnarigu wurin wani abokin sana'a mai injin karanta ƙwaya. Ya buɗe ta cikin minti ɗaya, abin da na kasa.

"Cale, abokina, filashin nan ƙarami ne, sabon manhaja bai san shi ba," ya ce. "Ya hau kan komai ya rubuta. Rauta zai tashi, amma abin ciki ya tafi."

Na tambaye shi ko suna kaɗai zai iya cirowa.

"Suna kawai? Ka sake taifin shi mana."

Ya tayar mini da ita, haka kuwa na yi da na koma gida. Na rubuta kalmomin huɗu da tsohuwar lambar sirri, wayata ta haɗu nan take, ba ta ga wani bambanci ba. Ni kuwa na zauna ina kallon abin da na rubuta wa kaina da yatsana, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na goge, na bar mata sunan da ta zo da shi daga kamfani, haruffa da lambobi.

Da safe ina fito da babur, tsohon telan ya leƙo da waya a hannu.

"Masta, kwana biyu ban ga tuwon ba," ya ce. "Kullum in na gan shi nake yi mata addu'a."